Dashen Baƙo

Shekara talatin da ɗaya Selestan Pare ya yi yana bin layin dogo da ƙafa, guduma a kafaɗa, yana duba inda ƙusa ta kwance. Da ya yi ritaya ya dawo gida sai ya rasa abin dubawa, idonsa ya faɗa kan filin da ke fuskantar ƙofarsa.

Lokacin da hukuma ta yanka unguwar ta raba wa mutane filaye, an bar wani yanki a tsakiya ba a ba kowa ba. A taswirar da ke ofishin magajin gari an shafa masa koren launi, an rubuta cewa wurin shan iska ne na jama'a. A ƙasa kuwa juji ne. Nan mata ke zubar da toka da ruwan wanke-wanke, nan aladu ke kiwo, duk wanda akuyarsa ta mutu nan yake jefar da ita. Shekara goma sha bakwai ana haka, kowa ya toshe hanci ya wuce. Abin da aka ce na kowa ne, a unguwar nan, ba wanda ke sunkuyawa dominsa.

Pare ya sunkuya. Ya sayi shebur da manjagara, ya ari baro, ya fara kwasa.

Shi ɗan ƙabilar Samo ne, unguwar kuwa ta Mosi ce, kuma tsakanin Samo da Mosi wasa ne tun kaka da kakanni. Ba sa gaisawa sai da zagi. Babban abokin wasansa shi ne Noraogo Simpore, mai gyaran babura, wanda rumfarsa ke bakin filin. Noraogo ɗan ƙanen Yaaba Tinga ne, tsohon da ake kira mai ƙasa, wanda gidansu ke noma wurin nan tun kafin a san za a yi gari.

"Bawana, ka kwana?" in ji Noraogo daga rumfa. "Tun asuba nake ganin kana tonon juji. Karen da matarka Delfin za ta dafa maka ne ya ɓace?"

"Kakanka nake nema," in ji Pare. "An ce nan aka binne shi tare da jakin da ya sato."

"To in ka same shi ka faɗa masa bayinsa sun fara aiki ba tare da bulala ba."

Haka suke yi shekara ashirin, kuma ranar da matar Noraogo ta rasu, Pare ne ya sauka cikin kabarin ya zauna ya ce ba za a binne ta ba sai an biya shi zakara, har masu kuka suka yi dariya. Wannan shi ne aikin abokin wasa, kuma Pare bai taɓa gudunsa ba.

Da mutane suka ga juji ya fara ja da baya, kunya ta kama su, aka kafa kwamiti na mutum bakwai. Aka ba Noraogo shugabanci saboda ɗan ƙasa ne, aka ba Pare ajiyar kayan aiki. Aka tsayar da aikin gayya kowace Asabar da safe. Asabar ta farko mutum ashirin da uku suka fito. Ta uku, shida. Kafin wata biyu Pare ya koma shi kaɗai, kwamiti kuma na yi masa sannu daga inuwa. Bai yi ƙorafi ba. Cikin shekara guda ya share filin tas, ya samo tsofaffin katakan layin dogo ya yi benci huɗu, yara suka sami wurin ƙwallo, mata suka sami wurin shanya kuɓewa.

Wata ranar Talata wata ma'aikaciyar ofishin magajin gari, Madam Ilbudo, ta tsaya da babur ɗinta a bakin filin, taswira a naɗe a bayanta. Ta zagaya wurin sau biyu kafin ta yi magana.

"Baba, kai ne ka yi wannan?"

"Kwamiti ne," in ji Pare.

"Ina kwamitin?"

Ya nuna mata rumfar Noraogo. Ta dubi rumfar, ta dubi tafin hannunsa, ta tambayi sunansa ta rubuta. Sannan ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Majalisar garin ta yanke shawara a kan filayen nan masu koren launi. Za a zo duba su a ƙarshen daminar baɗi. Wanda aka iske 'yan unguwa sun dasa masa itatuwa suna kula da shi, za a bar musu. Wanda aka iske tsirara, za a miƙa shi ga ɗan kasuwa ya raya.

"Ka san irin rayawar da suke yi," in ji ta. "Shara ba ta isa ba, baba. Shararren fili ma ya fi ba su sha'awa. Ku dasa, zan sa a ba ku dashe."

Pare ya kira taro. Kowa ya yarda, domin yarda ba ta da nauyi. Aka sa rana cikin Agusta. Dashe ya iso a amalanken jaki, guda arba'in da biyu: mangwaro, gwaiba, lemun tsami, da maɗaci kaɗan. Ranar ta zo daidai da wata jana'iza a ƙauye, Noraogo da wasu suka tafi can, sauran kuma suna gonakinsu suna maimai. Pare ya jira har hantsi, ba kowa. Ya shiga gida ɗauko igiya da diga.

Matarsa Delfin tana tankaɗen garin dawa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai kaɗai za ka sa su a ƙasa?"

"Saiwarsu za ta bushe a leda."

"Ka bari Noraogo ya dawo ya sa ko guda ɗaya da hannunsa. Ko a garinku, ka taɓa ganin an ara wa mutum ƙasa ya dasa mangwaro?"

"Wannan ba aro ba ce. Gwamnati ta yanka, ta rubuta. Ba ta Simpore ba ce, ba ta Pare ba ce."

"Kai ka karanta takardar," in ji ta. "Su ba su karanta ba."

Gaskiya ta faɗa masa, kuma ya san gaskiya ce. Baƙo yana iya shuka gero a ƙasar wani, ya girbe, ya tashi. Itace mai 'ya'ya kuwa mai ƙasa ne ke dasa shi, domin wanda ya dasa ya ce wurin nasa ne. Amma Pare mutum ne da ya yi rayuwarsa yana bin abin da aka rubuta, kuma yana da taurin kan wanda ya daɗe yana aiki shi kaɗai. Ya ja igiya kamar yadda ya saba, ya auna taku shida-shida, ya jera dashen a gefe huɗu na filin, miƙe kamar layin dogo, ya bar tsakiya don yara. Bai tsaya ya tuna cewa haka manomi ke jera itace in zai nuna iyakar gonarsa ba.

Noraogo ya dawo da la'asar ya tsaya yana kallo.

"Bawana, gona ka yanka a ƙasar kakana?"

"Da ka zo da safe da na ba ka aikin ɗaukar taki."

Noraogo ya yi dariya, amma ya daɗe yana duban layin kafin ya buɗe rumfarsa.

Da farko ba wanda ya damu. Kowa ya san dashen Agusta. Kowace shekara manya na zuwa da motoci, a dasa, a ɗauki hoto, a sha ruwan gero, kafin Maris ko kara ba ya saura. Mutane suka bar rana da awaki su yi musu maganin abin.

Sai dai Pare bai bari ba. Ya yi wa kowane dashe kariya da ƙaya da tsofaffin kwanduna. Da ruwa ya ɗauke, ya ɗaura ganga a kan amalanken hannu, yana bin layin mata a famfo sau biyu a rana. Cikin zafin Afrilu, lokacin da famfon ke tsiyaya kamar hawaye, mata suka riƙa yi masa gori cewa yana shayar da itace alhali yara ba su yi wanka ba. Ya koma rijiyar bayan kasuwa, tafiyar da ke cin safiyarsa duka. Ƙugunsa ya riƙe, Delfin na gasa masa da ruwan zafi tana mita. Dashe uku suka mutu, ya maye gurbinsu. Da ruwan farko ya sauka, arba'in da biyun suna tsaye, wasu sun kai ƙirjin mutum, sun fitar da jan ganye.

Nan magana ta tashi. A gidan burkutu aka fara cewa mutum ba ya wahala irin wannan a kan abin da ba nasa ba. Kun ga yadda ya jera su? Kun ga ƙofarsa filin yake kallo? An ce ma sunansa na cikin littafin matar nan mai babur. Waɗanda ba su taɓa ɗaga bokiti ɗaya ba su ne suka fi sanin abin da ke zuciyarsa. Malalaci ba ya yarda akwai mai aiki don Allah, domin in ya yarda ya kama kansa.

Saura mako uku a zo dubawa, Noraogo ya leƙo gidansa.

"Tsoho na son ganinka. Ka riƙo zakara."

Pare ya tafi da farin zakara da goro da goran burkutu. Ya iske Yaaba Tinga a kan fata a gindin tsamiya, maza kusan goma na gidan a zagaye da shi. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, ya ce, "Na zo in ga ko bayina suna cin abinci." Ba wanda ya yi dariya. Tun daga nan ya san ba wasa ya zo yi ba.

Tsohon ya dubi zakaran ya ce, "Kaza kafin rami take zuwa, ɗana. Ba ta zuwa bayan itace ya yi ganye."

"Na yi kuskure, Yaaba. Amma filin na hukuma ne, na unguwa duka. Ban dasa don kaina ba."

"Hukuma ta yanka saman ƙasa ta raba. Ba mu hana ba. Ƙarƙashin bai shiga takardarsu ba, saiwa kuma can take zuwa." Ya gyara zama. "Ni na yarda da kai. Shekara ashirin ban ji an ce ka ɗauki allurar wani ba. Amma mangwaro ya fi mutum daɗewa. Nan da shekara hamsin ba ni, ba kai, sai itacen, sai wani yaro ya tashi ya ce kakana ne ya dasa. Wa zai ƙaryata shi?"

"Zan rubuta in sa hannu cewa ba ni da komai a wurin, ni da zuriyata."

"Gara na cin takarda."

Hukuncinsa shi ne a cire su duka. Baɗi da damina 'ya'yan gidan su dasa wasu da hannunsu, Pare ya ci gaba da ban ruwa in yana so, ba mai hana shi.

"Yaaba, saura mako uku a zo dubawa. In suka iske filin ba itace, wani za a ba. Ku bari su zo su gani su tafi, sannan ku yi yadda kuka ga dama."

"In suka zo suka gani, za su rubuta?"

"Za su rubuta."

"Wa za su rubuta ya dasa?"

Pare ya san amsar. Bai iya ƙarya ba, kuma sunansa na cikin littafin tun bara. Ya juya ya dubi Noraogo. Magana ɗaya ta isa. Da Noraogo ya ce ni ne shugaban kwamiti, ni ɗan gidan nan na sa shi, hannunsa kawai na ara, da zance ya mutu a wurin, kuma ba ƙarya ba ce sosai, domin a gabansa aka yanke shawarar dashen. Amma 'yan uwansa na zaune, kuma tuni wasu na raɗa cewa ya sayar da ƙasar gida saboda abota. Noraogo ya sunkuyar da kai yana ɓare goro. Ya ɓare shi ƙanana-ƙanana har aka sallami baƙo.

Ranar Asabar da sassafe aka buga ganga. Pare ya fito ƙofarsa ya ga abin da ya shekara biyu yana roƙo: unguwa ta fito aikin gayya. Maza da addunansu da fartanyu, mata da ƙoren ruwan gero a ka, har da waƙa. Kwamiti ya cika, duk sun fito ban da Pare. Aka fara daga gabas, aka bi layin da ya ja da igiya, kuma miƙewar layin ta sauƙaƙa musu aiki. Kafin rana ta yi zafi an gama. Aka tara dashen a tsakiyar fili, awaki suka yi caa a kai.

Noraogo ne ya cire na gaban ƙofar Pare, mangwaron da ya fi sauran tsawo. Saiwar ta kama ƙasa sosai, sai da ya sa ƙafa ya ja. Bai dubi ƙofar ba.

Delfin ta ce, "Shigo ciki."

Pare bai shiga ba. Ya tsaya har aka watse, sannan ya bi ramukan yana tattara kwandunansa.

Madam Ilbudo ta zo a ranar da ta faɗa, tare da maza biyu masu riguna masu dogon hannu. Ta tsaya a bakin filin ta ƙirga ramuka da ido.

"Baba Pare, me ya faru?"

"An cire su."

"Wa ya cire?"

"Kwamiti," in ji shi.

Noraogo ya taso daga rumfa yana goge hannu, ya yi bayani mai tsawo cewa baɗi da damina za a dasa wasu, masu ƙasa da kansu, har da biki. Ɗaya daga cikin mazan ya ce duk unguwar da suka je baɗi ake ce musu. Madam Ilbudo ta rage murya ta ce, "Baba, abin da na gani shi zan rubuta. Ba ni da ikon rubuta abin da ke nan mako uku da suka wuce." Pare ya ce ya sani, shi ma haka ya yi aikinsa.

Bayan girbi wani mutum ya zo daga babban birni da takarda mai hatimi. Mutum ne mai wayo, ya san hanya. Kafin ya sauke bulo ɗaya sai da ya je gaban Yaaba Tinga da rago da zakara biyu. Tsohon ya tambaye shi ko zai dasa wani abu. Ya ce ko ɗaya, siminti ne da kwano kawai. Tsohon ya karɓi rago. Bulo ba shi da saiwa, al'ada ba ta ce komai a kansa ba.

Aka kewaye filin da katanga mai tsawon mutum da rabi, aka dasa mata fasassun kwalabe a kai. Ciki aka zuba kujerun ƙarfe da firji da manyan lasifika, aka buɗe gidan giya. Rumfar Noraogo ta shiga cikin awo, aka ba shi kwana biyu ya kwashe. Bencin Pare huɗu mai gasa naman alade ya faskara ya hura wuta da su. Tun azahar kiɗa ke tashi, mashaya na fitowa su yi fitsari a jikin gidajen da ke kewaye, yara suka koma ƙwallo a kan titi, mota ta taka ƙafar ɗaya daga cikin jikokin Yaaba Tinga. Masu raɗa a gidan burkutu suka ce ai dama gwamnati ba ta da amana. Ba a ji wanda ya ambaci ranar Asabar ɗin nan ba.

Wata safiya Pare na zaune a tsakar gidansa yana shan koko, Noraogo ya yi sallama ya shigo, takarda da biro a hannu. Ya rame. Ya tsaya ya gyara murya.

"Bawana, har yanzu kana nan? Na zaci karnukan unguwa sun kai ka ƙara."

Pare ya miƙe tsaye. Ya cire hularsa.

"Sannu da zuwa, Misye Simpore. An kwana lafiya? Yaya mutanen gida? Yaya jikin Yaaba?"

Ya ɗauko kujerar baƙi ya goge ta da hannun rigarsa, ya ce wa Delfin ta kawo wa baƙo ruwa. Delfin ta kawo a kofin gilashi, ta durƙusa ta miƙa, ta koma madafa. Noraogo ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Kwamiti ya zauna. Ana so a rubuta wa magajin gari takardar koke a karɓo filin, kuma ba wanda ya san yadda ake tsara irin wannan takarda, da ƙofar da ake kai ta, kamar Pare.

Pare ya saurare shi har ƙarshe. Ya shiga ɗaki ya fito da kwafin taswirar da Madam Ilbudo ta taɓa ba shi, da igiyar awo a naɗe, da mabuɗin ɗakin da ake ajiye shebur da manjagara. Ya jera su a gaban baƙonsa.

"Waɗannan na kwamiti ne. Ofishin yana hawa na biyu, ƙofa ta uku a dama."

"Takardar fa?"

"In na rubuta, za su karanta?"

"Za su karanta mana."

"Wa za a ce ya rubuta?"

Noraogo ya dubi ƙasa. Daga bayan katanga aka fara gwada lasifika, ƙarar ta sa ruwan kofin ya yi rawa.

"Selestan," in ji shi, "ka zage ni mana. Ka ce min ɓarawon jaki. Ka ce min komai."

"Ina ni ina zagin mai ƙasa?" in ji Pare. Ya raka shi har bakin ƙofa, ya riƙe masa ƙyauren. "Na gode da ziyara. A gaida gida."